Ranar da Aka Haska Ni a Bangon Lekol

Ba zan taɓa mantawa ba da mutanen da Allah Ya tara mini a ɗakin nan, kamar an raba musu goro su zo kallona. Akwai jikata Rukayya, mai ranar. Akwai ubanta Bala, ɗana na uku, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa, da matarsa Hadiza. Akwai maƙwabciyata Dada Asta, Bafulatana, wadda marigayi mijinta dillalin shanu ne, katanga ɗaya ta raba mu tun muna da jan sawu. A gaba kuma malamai uku a bayan dogon tebur: wani dogon mutumin kudu da ya shaƙe wuyansa da ƙyalle a cikin zafin Garwa, wata Madam mai tabarau, da wani Malam Hamadu, wanda sai daga baya na gane Hausa ta zauna a bakinsa daram. A bayanmu ɗalibai ne cike da benci, har da na tsaye a taga. Sai ni a kujerar gaba, da mayafina na Makka, fuska a ɗaure.

Ban yi lekol ba, wato boko, ko wannan ma ni ke faɗa ana rubutawa. Amma a gidanmu makullan ɗakin ajiya a ƙuguna suke kwana, kuma in na yi gyaran murya a ɗakina har kajin tsakar gida nutsuwa suke yi. Ba na wasan jika. Babu wanda ya taɓa ganin kaina ba ɗankwali tun da aka binne maigidana. Ku riƙe wannan.

Ranar sutenans ɗin Rukayya ce. Sutenans ita ce ranar da ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya nuna aikin da ya yi, su yi masa tambayoyi kamar alƙalai, in ya tsira su ba shi takardar gama karatu. Dangi kan zo da abinci. Bara an mayar da ita, domin na'urar da ta haɗa ta yanke ana tsakiyar gwaji, ta dawo gida ta yi mako ba ta cin komai sai koko. Wannan ce dama ta ƙarshe da makarantar ta ba ta. In ta sake yankewa, shekarun karatun nan duk sun bi kogin Binuwai.

Na san aikin, domin na tsare ta sai da ta bayyana mini. (Ba na barin abu ya kwana a gidana ban san mene ne ba.) Wani ɗan faranti ne kore, bai kai tafin hannu ba, da wutsiyar waya. Ta ce a manyan ma'aikatu akwai wata babbar na'ura da ba ta aikin komai sai ajiya, tana da ɗakuna masu lamba, sauran kwamfutoci su zo su yi sallama, kowa ya faɗi sunansa, a buɗe masa ɗakinsa. Ita kuma so take ɗan farantin nan ya yi wannan aikin ta ramin da ake soka kile, ɗan abin nan da yara ke ratayawa suna yawo da hotuna a ciki.

Na ce, "To ki soka mana. Me ya ci miki shekara biyu?"

Ta ce, "Hajja, al'adarsu ce ba ɗaya ba. Kamar ki ɗauki tsarin gidanmu ki ce sai ya zauna a gidan su Dada Asta. Abin da muke ce wa zaure suna da nasa, ki ce to wannan shi ne wannan. Amma wani abin babu shi sam a can, sai kin ƙirƙiro. A tsarin ramin kile ƙofa ɗaya ce ta shiga, ɗaya ta fita, kuma farantin ba ya magana sai an tambaye shi."

Na ce, "Wannan yana da tarbiyya."

"Kuma baƙo ɗaya ne ke zuwa, ba a tambayarsa suna. Ita kuwa ma'ajiya ba ta buɗe ɗaki sai da suna. Shi ne na raɗa masa wani na ajiye, duk wanda ya soka wayar ya zama shi."

"Kowane ne?"

"Kowane ne, Hajja."

Na ce mata a gidana baƙon da bai faɗi sunan ubansa ba ko tabarma ba ya samu, balle ɗakin ajiya. Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Da na bi maganar bakina da ban shiga abin da na shiga ba.

Yanzu sai in gaya muku zancen wayata. Bala ya saya mini ita, mai shafe-shafe. Ni kuma da ƙafata na je kasuwa wurin mai zuba wa'azi, na sayi ɗan kati kamar farce, ya cika mini shi da karatu da wa'azi ya sa a ciki. A lissafina kati ɗakin malamai ne, babu abin da ke cikinsa sai su. Abin da idon waya ya ɗauka kuwa yana can a bayan idon, inda ya shiga. Ai hankali ma haka ya ce: abin da ka gani a kanka yake zama, ba a aljihunka ba. Kuma na yi ta ɗauka. Tun ranar da Rukayya ta nuna mini jan ɗigon da ake dannawa, na ga Allah Ya kawo mini mai shaida. In na ga abin da ban yarda da shi ba sai in laɓe a labulen tagata, in ɗaga waya, in danna, idona na waje ba a kan wayar ba. Ban taɓa buɗewa na duba ba, ban san hanyar ba, kuma ba zan tambayi yaro ya san sirrina ba. Na dai san suna nan a ajiye, ranar da za a yi mini musu.

Muka isa makarantar da hantsi, ni da Dada Asta a bayan motar Bala, Hadiza a gaba da kulolin abinci. Aka fara. Komai da Faransanci ake yi, Bala yana raɗa mini ma'ana a kunne. Akwai majigi da ke haska fuskar kwamfutar malamai a bango, fari fat, faɗinsa ya kai zanen gado biyu. Rukayya ta zana musu akwatuna da kibiyoyi, wannan shi ne wannan, wancan shi ne wancan. Ta soka wutsiyar farantin a kwamfutar dogon mutumin. Sai ga ɗaki ya fito a bango, an buɗe, an ga takardu. Ɗalibai suka fara tafi, na waiwaya na dube su, suka daina.

Madam mai tabarau ta yi magana. Bala ya ce, "Inna, wai katin da ke cikin farantin a gida ta shirya shi. Tana so a kawo na wani, a sa a ɗaki na biyu, a gani ko zai buɗe."

Rukayya ta dubi 'yan ajinsu. Kowa ya sunkuyar da kai, wani yana duban silin, wani ya tura wayarsa can ƙasan aljihu. Na ji haushinsu ƙwarai, na ce 'ya'yan zamani babu zumunci. (Yanzu na san sun fi ni hankali, kowannensu ya san abin da ke cikin nasa.) Wayar Bala ba ta cin kati. Hadiza ta baro tata a mota. Na ga gumi ya fara tsatsafowa a goshin yarinyar nan.

Sai na miƙe. Na kwance wayata daga bakin zane, na miƙa mata da hannun dama, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ungo. Ciro nawa. Babu komai a ciki sai maganar Allah, su ma su ji ko sa amfana."

Dada Asta ta ce, "Barka, Hajja, kin fitar da mu."

Na zauna ina jin kaina kamar na yi wa makarantar kyautar masallaci.

Aka sa kati. Ɗaki na biyu ya fito a bango. Dogon mutumin ya ɗaga yatsa ya yi doguwar magana. Bala ya ce, "Wai bara a kan babban kaya ta yanke. Zai zaɓi abin da ya fi kowane girma a katin, a bar shi ya tafi har ƙarshe. In ya tsaya a hanya, ko aka taɓa wayar, aikin bai yi ba."

Na ce, "Ya zaɓa. Tafsiri ne zai fito."

Ya danna.

Da farko ban gane mene ne ba. Wasu ramuka ne guda biyu baƙaƙe suka cika bango, kowane ɗan akuya zai iya shigewa. Sai abin ya ja baya, na ga hanci ne. Sai ido, ja, a ƙanƙance. Sai kai, babu ɗankwali, furfura a tsaye cirko-cirko, kitso ya warware gefe guda. Na ce a raina, wace mahaukaciya ce mai katin nan ya zuba mini a cikin malamai? Har na fara shirya abin da zan gaya masa. Sai na ga ɗan kunnen. Nawa ne, na Makka, yana kunnena a lokacin.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a, ashe waya ido biyu gare ta, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. Ashe duk tsawon lokacin nan da nake laɓewa ina ɗaukar mutane, na gaban ne a buɗe. Ashe kuma abin da ta ɗauka cikin katin take zubawa, kusa da malamai.

Matar bango ta ɗago wani gwangwani, ta zura yatsa ta lakato, ta kai baki. Shokolan da ake shafa wa burodi ne, wanda na ƙwace daga hannun ƙannen Rukayya na ce yana ruɓar da haƙori, na ce musu na zubar a shadda. Ta tsotse yatsan har da ƙara. Sannan ta yi magana, baki cike, muryar ta fito ta manyan lasifiku:

"Yawwa. Ga ta nan. Ga munafukar ta nufi katanga. Tafi, tafi, ina kallonki."

Na ji Hadiza ta yi ajiyar zuciya a gefena, ta san da ita ake.

"Kwano ne a ƙarƙashin mayafi. Shinkafata ce, wallahi shinkafata ce. Ga ɗayar can ta miƙo hannu, hannu kamar ludayi. Asta, Asta! Miji ya mutu ya bar miki shanu, amma ba ki da aiki sai kwaɗayin tukunyar mutane." Ta sake lakata. "Shi kuma sakaran yana can yana auna yadi, ana kwashe gidan ubansa."

Bala ya daina fassara.

Wani ɗalibi a baya ya yi wani sauti kamar an take wa kare wutsiya. Daga nan benci ya fara girgiza, ba wanda ya yi dariya a fili, amma ina jin ta a bayana kamar zazzaɓi. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Na shafa kaina na ji ɗankwali yana nan, amma me ya amfana, ga shi can a bango kowa ya gani, har da maza baƙi, har da mai ƙyalle a wuya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wutsiyar farantin tana nan a kan tebur, taku kaɗan, siririya, fizga ɗaya ta ishe ta. Na miƙa hannu.

"Hajja."

Rukayya ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta matso ba. Hannayenta biyu a haɗe a ƙirji.

"Hajja, don Allah."

A ƙasan hoton akwai wani siririn layi da ke tafiya, yana nuna inda aka kai. Ban yi karatu ba amma na san mudu in ya kusa cika. Wannan ko rabi bai kai ba. Na dubi layin, na dubi yarinyar, na tuna makon kokon nan. Hannuna yana sama kamar mai rantsuwa. Na mayar da shi, na gyara mayafi da shi kamar dama abin da na tashi yi ke nan, na koma na zauna.

Dogon mutumin ya karkata wajen Malam Hamadu ya yi tambaya. Malam Hamadu ya share ido da hankici ya ba shi amsa, fuskarsa kamar mai ta'aziyya. Daga baya Rukayya ta gaya mini, wai cewa ya yi, "Me tsohuwar take faɗa?" shi kuma ya ce, "Addu'a take yi wa iyalinta." Dogon ya gyaɗa kai cikin girmamawa. Madam kuwa ta ce, to addu'ar arewa da daɗi, har da shokola. (Allah Ya saka wa Malam Hamadu da alheri, ko da yake shi ma kafaɗarsa rawa take yi.)

Na ɗauka an gama da ni. Ashe dalilin da ya sa wannan ya fi kowane girma bai zo ba tukuna. Matar bango ta gama leƙenta, ta ce, "Na kama ku," ta koma gado ta jingina, ta ɗora waya a cinya. Ba ta kashe ba. Yanzu daga ƙasa ake ganinta, haɓa da ramukan nan biyu. Ta yi gyatsa. Ta fara wata 'yar waƙa ta dandali da muke yi muna 'yan mata, ni da na hana kunna rediyo in ana kiɗa. Waƙar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, baki ya buɗe.

Sai minshari.

Ni da na sha rantsuwa ba na yi. Na taɓa korar wata jikata daga ɗakina don ta ce ina yi. Ga shi nan ta lasifika, kamar babbar mota ta kafe a gadar Binuwai. Ya ja, ya tsaya har ka ce ta mutu, ya sake ɓarkewa. Madam ta ce wani abu, ina jin cewa ta yi a wuce gaba. Dogon ya girgiza kai, ya nuna agogonsa, ya nuna layin. Mutum ne mai tsare ƙa'ida. A wata rana da na yaba masa.

Haka muka zauna, malamai uku da ɗaki cike da ɗalibai, muna kallona ina barci. Dada Asta sai jan carbi take yi da sauri. Ni kuma ina kallon layin nan ina roƙon Allah abu biyu da ba sa haɗuwa: kada a ɗauke wuta, kuma ƙasa ta tsage in shige.

Layin ya kusa ƙarshe sai aka ji ƙarar ƙofa a cikin hoton. Wata inuwa ta shigo. Hadiza ce. Ta tsaya tana duban matar da ke barci. Ta zare gwangwanin daga hannunta a hankali, ta rufe shi, ta ɗaga matashin kai ta tura shi daidai inda nake ɓoye shi, ba ta ko laluba ba. Ta ɗauki ɗankwali daga ƙasa ta rufa mata a kai. Ta sa bakin mayafinta ta goge mata gefen baki. Sannan ta sunkuyo, fuskarta ta cika bango, ta dubi wayar, ta girgiza kai kaɗan, ta danna. Bango ya yi baƙi.

Wannan ya fi duk na baya dukana. Na juya na dube ta. Tana zaune tana kallon yatsun ƙafarta kamar yau aka ba ta su.

Dogon mutumin ya miƙe ya ce wata kalma, ɗakin ya fashe da tafi da ihu, wannan karon ban waiwaya ba. Aka fitar da mu, aka sake kiranmu, aka karanta sakamako a tsaye. Rukayya ta ci. Madam ta ce ba ta taɓa ganin an gwada na'ura da kaya mai nauyi irin wannan ba. Rukayya ta rungume ni tana kuka tana dariya a wuyana, ita da ba ta taɓa ko dafa kafaɗata ba. Ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na ce mata ta gyara mayafinta.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya aka buɗe kuloli. Ɗalibai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, "Sannu Hajja, an tashi lafiya?" da rana tsaka. Hadiza ta ce, "Inna, a zuba miki?" kamar kullum, babu ƙari babu ragi. Bala ya tafi duba tayar mota, tayar da babu abin da ya same ta. Dada Asta ta ci ta ƙoshi, ta wanke hannu, ta matso kusa da ni ta ɗaga hannun tana juya shi.

"Ludayi, ko?"

Na ce, "Asta, zafi ne ranar, ban san abin da nake faɗa ba."

Ta ce, "Ba komai, Hajja. Amma tun da magana ta fito, shinkafar nan taki duk tsakuwa ce. Ki canja mai sayar miki."

Kafin la'asar ƙanwata ta kira daga Domayo, can Marwa, wai ta ji an nuna ni a silima.

Abin da na koya, in ma koyo ne: duk mai son sa wa mutane ido ya fara tambaya ta wane gefe idon ke kallo. Kuma kada ka rantse a kan abin da ke ɗakin ajiyarka don kawai kai ke riƙe da makulli.

Washegari da safe, bayan na idar da lazimi, na aika aka kira mini Rukayya. Na sa ta rufe ƙofa. Ta ce za ta goge mini abubuwan da na ɗauka duka, don ashe suna da yawa. Na ce a'a, ta nuna mini hanyar buɗewa ta fita. Na zauna ni kaɗai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu Hadiza, babu Asta, babu mai kawo ruwa, babu yaran da ke hawa katanga. Mace ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ta haɗe gira, ta ƙanƙance ido, tana gunaguni a bayan labule. Wallahi da maƙwabciyata ce da ban riƙa gaishe ta ba. Kuma wannan fuskar mutanen gidana suke karyawa da ita kowace safiya, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Na sake kiran yarinyar na ce ta goge. Na sa ta nuna mini idon gaban da yatsa, na yanko filasta na liƙe shi da kyau, na danna da babban yatsa. Ta ce, "Hajja, na bayan fa?"

Na ce ta bar shi. Gida ba ya zama babu mai dubawa.